Tafiyar Yini Guda

Shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Birnin Kudu. Kayan aikina ba su da yawa: ƙwallon taswirar duniya wanda fentinsa ya ɗaye a gefe guda, da zaren ɗinki da ba ya rabuwa da aljihuna. In zan nuna wa yara nisan da ke tsakanin gari da gari, sai in ɗora bakin zaren a kan wannan, in ja shi zuwa wancan, in ɗauke in aza a kan ma'auni, mu lissafa tare. Yara suna son darasin saboda ba rubutu a cikinsa. Ni kuma ina sonsa saboda amsarsa ɗaya ce, ba wanda zai tsaya yi mini gardama.

A gidanmu ba haka ake auna nisa ba. Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Farin Dutse, ƙasar Gwaram, kuma gidan malamai ne tun kakanni. Mahaifina, wanda gari ke kira Malam mu kuma muke ce masa Baba, yana ba magidanta karatun littattafai a zaure bayan asuba da bayan la'asar, tsakani kuma yana gonarsa ta gero da gyaɗa. Ban taɓa jin kalmar kilomita a bakinsa ba. In ka tambaye shi nisan Dingaya, zai ce in ka fita bayan asuba hantsi zai same ka a can. Kano, ka yi azahar a ciki in mota ba ta ɓata lokaci a tasha ba. Ko nisan da ake yin sallar ƙasaru, wanda ya san milinsa sarai daga littafi, in zai fassara wa ɗalibai sai ya ce tafiyar yini biyu ce ta dabba mai kaya. A wurinsa gari ba shi da wani nisa sai na sallolin da za ka yi a hanya kafin ka isa.

Mu uku Inna ta haifa muka rayu. Ni ne na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata in muna magana, kuma in tana da saƙo gare ni sai ta faɗa wa ƙanwata ko da ina zaune a wurin. Ƙanwar tawa tana aure a Sundimina, mace ce mai saurin magana da saurin aiki. Sai autanmu, wanda aka haifa bayan an fid da rai. Duk abin da kunya ta hana Inna ta nuna mini, a kansa ta juye. Ba ƙorafi nake yi ba, haka ake yi wa kowane ɗan fari a garinmu. Amma ido ya gani.

Auta ya fi mu ƙwaƙwalwa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Da ya gama digirinsa na biyu ya sami gurbin ƙaro karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, shekara uku ko huɗu. Takarda ta zo, saura izinin gida. Baba bai ƙi ba, don a wurinsa duk wanda ya fita neman ilimi ba a tare masa hanya. Inna ce ta yi shiru, ta daina cin abinci sosai, kuma a gidanmu an san ma'anar wannan shirun.

Wata Asabar da na je gida, Baba ya kira ni zaure bayan ɗalibai sun watse. Ya ce tunda ni ne mai taswira, in faɗa masa garin nan tafiyar nawa ce. Na ji daɗin tambayar fiye da yadda ya kamata. Shekarun nan duka ba a taɓa neman ilimina a zauren nan ba, karatun boko dai abin cin abinci ne, ba abin da ake yin fatawa da shi ba. Na zaro waya, na buɗe wani shafi da ke auna tazarar birane ta sama, na rubuta Kano a gida ɗaya, Kuala Lumpur a ɗaya. Ya zana mini layi siriri ya ƙetare Sudan da tekun Indiya, ya ba ni kilomita dubu goma da ɗoriya, a ƙasa kuma ya rubuta cewa jirgi zai yi wajen awa goma sha uku.

Baba bai ko kalli kilomitar ba. Ya sa na maimaita awannin, ya lanƙwasa yatsu yana motsa leɓe, ya ce wato in mutum ya tashi bayan asuba zai yi isha'i a can. Na fara yi masa bayanin bambancin lokaci, cewa suna gaba da mu da awa bakwai, ya ɗaga hannu ya ce wannan lissafin rana ne, shi tafiya yake tambaya. Sai ya tuna zuwansa Ikko shekarun baya, lokacin da wani ɗalibinsa ya gayyace shi buɗe masallaci, yadda suka yini suka kwana a mota sai hantsin washegari suka shiga gari.

"Ashe ma ya fi Ikko kusa," in ji shi. "Tafiyar yini guda ce."

Na san ba haka abin yake ba. Ban san dalla-dalla ba, don ni kaina ban taɓa hawa jirgi ba har yau, amma na san babu jirgin da ke tashi daga Kano ya miƙe sai Malesiya, dole a yada zango a wata ƙasa a canja wani. Layin da ke kan wayata irin zaren ajina ne, ba ruwansa da jira ko ranar tashi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga Baba ya miƙe ya shiga cikin gida, na jiyo shi yana gaya wa Inna cewa yaron nan ba nisa zai yi ba, mai taswira ya auna, yini guda ne. A ranar Inna ta ci tuwo. Na ga maganata ta yi aiki, ta sama wa ƙanena izini, ta kwantar wa mahaifiyata hankali, kuma a karon farko an ambaci sana'ata a tsakar gida da girmamawa. Na bar ta a haka.

Auta ya tafi da kaka, ana cikin cirar gyaɗa. Ta Abuja suka tashi shi da wasu 'yan'uwansa ɗalibai, kuma sai da ya kwana biyu kafin ya bugo ya ce ya sauka. Ba wanda ya lissafa, kowa ya ɗauka neman masauki da layin waya ne ya riƙe shi. Shi kansa bai san da maganar yini guda ba, don ba ya nan aka yi ta.

Daga nan aka tsayar da al'ada. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci auta yakan bugo wayata, ni kuma in ina gida in miƙa wa Inna, in ba na nan in haɗa su da wayar wani maƙwabci. A ƙauyen sai an fito bakin ƙofa ake samun sabis mai ƙarfi, don haka ake shimfiɗa mata tabarma a soro ta zauna, ta riƙe wayar nesa da fuska tana kallonsa. Tambayoyinta ba sa canjawa: me ya ci, ko akwai masallaci kusa, ko mutanen garin suna da kirki. In ya ce mata su har sun yi isha'i, sai ta yi dariya ta ce garin masu gaggawa ne, Allah dai ya sa ba su riga liman ba. Ta ce ya yi ƙiba, ya ce shinkafa ce safe da rana da dare. Shekara biyu da rabi muka yi a haka, bai zo hutu ba, ba kuma wanda ya ga ya yi nisa.

A damina ta uku ƙafafun Inna suka fara kumbura. Aka yi na gida, aka yi na kemis, abin ya ƙi. Na kawo ta asibiti a Birnin Kudu, likita ya duba ya ce ƙoda ce, kuma ta jima tana ciwo ba a sani ba. Aka ba ta gado. Ƙanwata ta bar gidanta ta zo jinya, matata tana kai abinci, ni ina zirga-zirga tsakanin aji da wurin gwaji da kantin magani. Baba yakan zo duk bayan kwana biyu a motar kasuwa, ya zauna a kan benci a baranda da carbinsa, ya koma kafin la'asar saboda ɗalibai.

Tun a kwana na biyu ƙanwata ta ce a gaya wa auta. Ta faɗa mini, na ce sai abin da Baba ya ce. Ta faɗa wa Baba a gabana, a barandar nan, ba ta tauna ba.

A gidanmu akwai wata ƙa'ida da ta girme mu duka: ba a kiran mai karatu gida. Baba yana gabas yana karatu mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali, kuma shi mahaifin ne da bakinsa ya hana a aika masa. Sai da shekara ta zagayo labari ya iske shi ta bakin wasu fatake. Yakan ba da wannan labari ba da baƙin ciki ba, yana ba da shi ne a matsayin shaidar irin gidan da muka fito. Ga shi kuma a lokacin auta yana dab da kare kundin bincikensa, wata ɗaya ko biyu ya rage masa, aikin shekara uku.

Duk da haka Baba bai tsaya kan ƙa'idar ƙememe ba, ya ce zamani ya kawo sauƙi. A da mai karatu yana da nisan watanni, shi ya sa ba a kiransa. Wannan kuwa yini guda ne tsakaninmu da shi. A bar shi ya yi karatunsa da kwanciyar hankali, in Allah ya kawo sauƙi shi ke nan ba a tayar masa da hankali a banza ba, in kuma aka ga jiki ya ƙi, a buga masa da safe, kafin a kwanta yana nan. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, ko ba haka na auna ba?

Na ce haka ne, amma jirgi yana da 'yan tsaye-tsayensa a hanya. Ya ce mota ma tana da su. Shekara uku ke nan maganar tana zaune a gidan, an gina abubuwa a kanta, kuma in zan warware ta dole in ce a gaban ƙanwata da masu jinyar gadon kusa cewa abin da na faɗa a zaure rabin gaskiya ne, na kuma san haka tun ranar. Na gaya wa kaina cewa ko da an ƙara 'yan awanni ba za su wuce yini da kwana ba. Ban koma na bincika ba, alhali wayar tana aljihuna. Ina jin ba na son ganin amsar ne.

Juma'a ta zo, auta ya bugo. Na fita wajen asibiti inda ba zai ji hayaniyar ɗakin ba, na ce Inna tana Sundimina wajen 'yar'uwarsa, ta ɗan yi zazzaɓi amma da sauƙi. Bahaushe ko yana kan gargara aka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce, don haka kalmar ba ta yi mini nauyi a baki ba. Juma'a ta biyu ya matsa sai ya ji muryarta. Na shiga na gaya wa ƙanwata, ita ta gaya wa Inna. Inna ta sa aka tayar da ita zaune, ta sha ruwa, ta gyara murya, ta ce a kashe hoton don ba ta ɗaura kallabi ba. Ta yi masa magana ta minti biyu da murya garau, har da tsokanar shinkafa, ta sa masa albarka a kan karatunsa. Da aka kashe wayar ta koma ta kwanta, ba ta sake magana ba sai yamma.

Ita ma ta yarda da lissafin, wannan shi ne abin da ya fi damuna in na tuna. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana gaya wa ƙanwata cewa kada a dame shi yanzu, ita ta san jikinta, ranar da ta ji ya ƙi za ta ce a kira shi, ai yini guda ne. Ba da ni take magana ba, kamar kullum, amma maganata ce take maimaitawa. Juma'a ta uku na ce masa tana barci.

Ranar Laraba da safe, kwananta ashirin da ɗaya a asibiti, na shigo da koko kafin in wuce makaranta. Fuskarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce masa ya kira mini auta." Daga nan ta shiga tsara abin da za a yi: a share ɗakinsa na gida, a aika a samo zogale a yi masa dambu, don ta san ya gaji da shinkafa. Ta ce in ya taso yau, gobe war haka yana nan ya huta.

Na fita baranda na buga. Ƙarfe tara a wurinmu, huɗu na yamma a wurinsu. Na faɗa masa a taƙaice cewa jikin Inna ya yi tsanani, tana asibiti, tana nemansa. Bai tambaye ni tun yaushe ba. Sai ya fara lissafi da murya ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake magana. Fasfonsa ba ya hannunsa, yana ofishin makaranta ana sabunta masa izinin zama, kuma an kusa tashi, sai gobe. In ya karɓa gobe sai ya nemi kujera. Jirgin da ke zuwa Kano ba kullum yake tashi ba. Ya ce in ba shi awa ɗaya ya duba.

Da ya sake bugowa ya ce mafi sauri da ya samu shi ne ya tashi daren Alhamis, ya sauka Addis Ababa da safiyar Juma'a, ya kwana a can, ya shigo Kano ranar Asabar da rana. Ya duba ta Abuja da ta Ikko, babu kujera sai bayan haka. Na rubuta ranakun a bayan takardar magani, ban san dalili ba, tunda ba abin mantawa ba ne.

Baba ya iso da hantsi. Na same shi a bencinsa na tsuguna na gaya masa. Ya ce Asabar? Na ce Asabar. Ya ce ina yini gudan? Na yi masa bayanin da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce: cewa awannin nan na jirgin da zai miƙe ne bai tsaya ba, kuma babu irin wannan jirgin, cewa akwai canji da jira da ranakun tashi da takardu. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Wato hanyar da ka auna mini, ba mai bin ta."

Na ce babu. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na sami abin riƙewa. Ya tambaya ko Inna ta sani, na ce a'a, ya ce a bar ta a kan saninta.

Ranar Alhamis ta yini tana jira. Ba ta da ƙarfin dogon zance, amma duk lokacin da aka kira salla a masallacin asibiti sai ta buɗe ido ta tambayi ƙanwata ko ya sauka. Ƙanwata ta ce yana hanya. Da azahar yana hanya, da la'asar yana hanya. An kawo dambun daga gida a cikin kwano, ta sa aka ajiye shi a kan lokar gefen gado, ta hana kowa taɓawa. Da aka kira magariba ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta ce yini dai ya cika. Ƙanwata ta ce jirgi ne ya yi latti. Ta ce to Allah ya kawo shi lafiya. Ƙanwata ta fito ta wuce ni a baranda ba ta kalle ni ba, kuma ba ta sake yi mini magana ba sai da larura, har bayan sadakar bakwai.

Inna ta rasu ranar Juma'a da hantsi. A lokacin auta yana zaune a filin jirgin Addis Ababa, tsakaninsa da Kano tafiyar da ba ta kai daga hantsi zuwa la'asar ba, amma babu jirgi sai washegari. Muka ɗauke ta zuwa gida, aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan Juma'a, Baba da kansa ya ja sallar. Ba wanda ya kawo maganar a jira, ba a jira da gawa a wurinmu, kuma ni ma ban ga dalilin yi ba. Muna dawowa daga maƙabarta saƙonsa ya shigo wayata yana tambayar jikinta. Ba a faɗa wa matafiyi mutuwa yana kan hanya, wannan ma ƙa'ida ce. Na rubuta masa cewa Allah ya kawo shi lafiya, zan tare shi a Kano.

Ranar Asabar na ɗauki shatar mota na je filin jirgi. Ya fito da ƙaramar jaka ɗaya a kafaɗa, ya yi ƙibar da Inna take faɗa. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "An kai ta?" Na ce an kai ta jiya. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, muka shiga mota.

Muka bar Kano, muka wuce Wudil. Gero ya yi kai a gefen hanya, an yi ruwa da safe, direba yana ta kauce wa ramuka. Na yi ta shirya abin da zan faɗa in ya tambaye ni, na tsara shi ya yi kyau: ƙa'idar gida, umarnin Baba, son da aka yi wa karatunsa, ita kanta Inna da ta hana. Duka gaskiya ne. Da muka shiga Birnin Kudu muka zo daidai asibiti, ya juya yana kallon ginin har muka wuce. Sai ya tambaya kwana nawa ta yi a ciki. Na ce ashirin da uku. Na ga yana lissafi, na san Juma'o'in yake ƙirgawa.

"Kwana uku kawai nake buƙata, Yaya."

Muka kama hanyar Gwaram, rana tana faɗuwa muka isa gida.

A zaure ya durƙusa gaban Baba, masu gaisuwa suka matsa. Baba ya dafa kansa ya ce shi ne ya hana a kira shi, in akwai laifi nasa ne, auta ya yafe masa. Bai ambaci awa goma sha uku ba, bai ambace ni ba, a ranar ko bayanta. Daga bakin ƙanwata auta ya ji sauran labarin, ban san yadda ta faɗa masa ba, ban kuma tambaya ba. Ya yi kwana goma, kullum da safe yana zuwa maƙabarta. Da ni yana gaisuwa yadda ƙane ke gaida wansa, ba ragi ba ƙari. Baba ne ya ce ya koma ya ƙarasa abin da ya kai shi, ya koma, ya kare kundinsa, aka riƙe shi koyarwa a can. Yana can har yanzu.

Ban canja yadda nake koyar da darasin ba. Jarrabawa kilomita take tambaya, kilomita nake ba su.

Baba ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, karatun zaure ya koma sau ɗaya a rana. Auta yana bugowa duk Juma'a bayan masallaci, bai taɓa fashi ba. Mukan gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, in amsa ya karɓa. Sai ya tambayi jikin Baba. Farkon abin nakan ce lafiya ƙalau daga ɗakina a Birnin Kudu, sai ya ce to in na je gida in kira shi. Da na gane maganata ce ba ta ishe shi ba, sai na koma yin Juma'a a ƙauye kowane mako, ko da ruwa ko da rana. Abin yana yi mini ciwo, kuma ba ni da bakin magana. Yakan tambaya, in ce lafiya lau, ga shi ma a zaune kusa da ni.

"To buɗe hoton, Yaya," yake cewa. "Ka ba shi in gan shi."